Daga Zancen Ruwa zuwa Fim ɗin Indiya: Nazarin Hirar Yau da Kullum a Yammacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hirar da mutanen karkara ke yi ba don biyan wata buƙata ta gaggawa ba, a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, ta kuma ɗauki ƙauyen Tungar Guru a matsayin wurin tsayawa. Batutuwa huɗu aka bi: zancen ruwa da yanayi, zancen lambu, zancen inda mutum zai nufa ranar Juma'a ko ranar kasuwa, da tuna tsofaffin finafinai. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, batutuwan nan da a da ake yin su a zama guda ba tare da an bambanta su ba, rashin tsaro na shekarun nan ya raba su. Wani ya ƙara nauyi, wani ya koma abin tsoro, wani kuma ya zama mafaka.

Gabatarwa



Sunan Tungar Guru ya shiga rahotannin duniya ne a shekarar 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta gano cewa yara ƙanana na mutuwa sakamakon gubar dalma da ke cikin duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙauyen na ƙaramar hukumar Bukkuyum ne, kamar 'Yargalma, sauran kuma irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega suna ƙasar Anka. Yaran da suka rasu sun kai 400 a ƙiyasin da aka fi yarda da shi. Tun daga nan kusan duk abin da aka rubuta kan wannan yanki bai wuce gubar dalma da haƙar zinari da 'yan bindiga ba. Wanda bai taɓa zuwa ba sai ya ɗauka mutanen wurin ba su da wata magana sai ta jana'iza.

Alhali kuwa ana sallar la'asar a shimfiɗa tabarma. Mai shayi na hura wuta. Ana gardama kan ko hadarin da ya taso daga gabas zai sauka ko iska za ta watse shi, ana tsokanar wanda albasarsa ta ruɓe, ana tuna fim ɗin da aka kalla shekara talatin da suka wuce. Wannan hirar ita ce abin nazarinmu. Maƙalar ta dogara ne kan rubuce-rubucen masana da abubuwan da suka faru a bainar jama'a, sai kuma sanin da duk mai jin harshen yake da shi na yadda ake magana. Misalan maganganu da za a ji irin waɗanda ke yawo a bakin kowa ne, ba na wani mutum takamaimai ba.

Abin da masana suka ce

A 1923 masanin al'adu Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand, ya ware wani nau'in magana da ya ce aikinsa ƙulla zumunci ne kawai. Tambayar lafiya da zancen yanayi, a ganinsa, ba don a sanar da wani abu ake yin su ba, ana yi ne don kada shiru ya shiga tsakanin mutane. Robin Dunbar ya zo a 1996 ya ce hira da tsegumi su ne suka maye wa ɗan Adam gurbin cire wa juna ƙwarƙwata da birai ke yi. Kate Fox kuma, a littafinta na 2004 kan ɗabi'un mutanen Ingila, ta nuna cewa in Bature ya ce yau akwai sanyi, ba labari yake ba ka ba, so yake ka amsa masa da e.

A ƙasar Hausa, aikin da ya fi kusa da batunmu an yi shi ne a Nijar. Scott Youngstedt ya nazarci majalisun hira na Hausawan Yamai, Adeline Masquelier kuma ta fitar da littafi a 2019 kan fadojin samari masu shan shayi. Dukansu aikin birni ne, na Masquelier kuma kan matasan da zaman jiran aiki ya isa. A sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu mun ba waƙa da karin magana da tatsuniya da kirari haƙƙinsu, har ma mun yi musu fiye da haka. Hira kuwa mun bar ta, wataƙila don ba ta da mawallafi, ba ta da amshi, ba a kuma iya yanko baiti daga cikinta a sa a jarrabawa.

Zancen ruwa

A nan ne ra'ayin Malinowski ya fara gazawa. Manomin Bukkuyum da ya tari baƙo daga wani ƙauye da "Ƙaƙa ruwa wajenku?" ba cike shiru yake yi ba. Ruwan farkon damina a wannan yanki, tsakanin Mayu da Yuni, ba ya sauka bai ɗaya. Sai a yi ruwan shuka a wannan tunga, ta kusa da ita ko ɗigo ba ta gani ba. Saboda haka amsar da baƙon zai bayar tana da amfani. In ya ce "Ruwa sun yi gyara," an san gaisuwa ce ya mayar. In ya ce "Mun samu daren jiya, har an fita shuka," to nan take za a bi shi da tambayoyi: an tona an ga zurfin laimar? Gero aka fara ko dawa? Waɗanda suka yi binne, ya tsiro? Daga amsoshin nan ne mutum zai yanke ko ya fitar da irin da ya ɓoye ko ya ƙara haƙuri, domin wanda ya yi shuka da ruwan yaudara, fari ya biyo baya, sai ya sake neman iri a lokacin da ya fi tsada.

Hirar tana da matakai biyu da kowa ya sani. Matakin farko na gaisuwa ne, kuma ba a kawo ƙorafi a cikinsa. An tambaye ka sanyi, ka ce lokacinsa ne. An tambaye ka zafi, ka ce da godiya. Ƙorafi kan abin da Allah ya saukar rashin tarbiyya ne, har ma ana ganinsa da raunin imani. Sai an zauna, an sha ruwa, sannan a shiga mataki na biyu, inda za a faɗi cewa gero ya fara murɗewa, ko marka ta yi yawa har gyaɗa na neman lalacewa. Mai nazarin da ya tsaya a matakin farko zai koma ya rubuta cewa Bahaushe ba ya faɗin gaskiyar halin da yake ciki, alhali bai jira aka zo wurin ba ne.

Akwai kuma ilimin da hirar ke ɗauke da shi. A majalisar da ke da malami ko dattijo mai lissafi, ana bin damina da taurari: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowane da kwana 13 in ban da guda mai 14, taurari 28 su cika shekara. Za a ce tauraro kaza ya kama, ruwansa mai ƙarfi ne, ko an wuce lokacin shuka dawa. Yanzu hasashen hukumar NiMet da ake ji a rediyo ya shigo cikin gardamar, kuma abin lura shi ne bai kori lissafin taurari ba, an dai ƙara shi cikin abin da ake aunawa. Haka nan tarihin yunwa a bakin mutane yake, da sunayen da suka raɗa mata, irin su Kakalaba ta 1914 da Michael Watts ya yi bayaninta a littafinsa na 1983, da 'Yar Buhari ta 1984. In dattijo ya ce farkon daminar bana ya yi kama da na shekarar kaza, gargaɗi ne yake yi cikin lalama. A Gummi, da ke bakin gulbin Zamfara, tsoron ba na fari kaɗai ba ne. Ambaliyar damunar 2024 ta ci gidaje da gonaki masu yawa a garin, don haka tambayar ko gulbi ya kawo ba a yin ta da wasa.

Zancen lambu

In kaka ta wuce, hunturu ya shigo, zance sai ya gangara fadama. Hirar lambu ta fi ta gonar damina raha, kuma akwai dalili. Hatsin rumbu sirrin maigida ne, ba a tambayar mutum dami nawa ya samu, shi ma ba ya faɗa. Albasa da tattasai da attaruhu da tumatir kuwa a fili suke, fangalin wannan na jingine da na wancan, kowa na ganin na kowa. Don haka ana iya yin alfahari da su, ana iya yin ba'a. A nan ake jin wane ne ke da irin albasar da ba ta saurin ruɓewa a ajiya, wane magani ne ya kashe tsutsar tumatir wane ne kuma asarar kuɗi, nawa ake sayar da man injin ban-ruwa, da ko ya fi a yi dashe yanzu ko a bari sanyi ya ƙara kamawa. Tsofaffi na tuna zamanin jigo, su ce yaran yanzu ba su san wahala ba. Yaran su ce jigo ba ya shan fetur amma yana shan ƙugu. Aron inji da musayar iri da haɗa kuɗin mota zuwa kasuwa duk a cikin wannan raha ake ƙulla su, ba tare da wani ya fito ya ce yana roƙo ba.

Mata na da tasu. Rama da yakuwa da zogale da kuɓewar bayan ɗaki, a kansu ake hira ta saman danga ko a gidan suna, kuma yara ne ke kai iri da saƙo daga wannan gida zuwa wancan, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a nazarinta kan yaran Kano a shekarun 1970. Tungar Guru ta ga wani abu da ya taɓa wannan ɓangare kai tsaye. A aikin tsaftace ƙauyukan da aka yi daga 2010 zuwa 2011, wanda kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da hukumomin jiha, an kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka kwashe, aka zubo wata mai tsabta. Bagega sai a 2013 aka kai gare ta. Ƙasar da ake shanya hatsi a kanta, yara na rarrafe a kanta, ita ce ta zama abin zargi. Ma'aikatan lafiya sun yi ta faɗakarwa cewa a daina niƙa dutse a cikin gida, amma saƙo irin wannan ba ya zama ɗabi'a sai ya shiga bakin mata, wata ta ce wa wata kada ta bari a shigo mata da buhun dutse tsakar gida.

Dole a faɗi iyakar abin. Hirar da ke saurin yaɗa labarin iri mai kyau ba ta yi saurin fitar da labarin mutuwar yara ba. Alkunya na hana uwa yawan ambaton ɗanta, tawakkali na rufe bakin uba, ga kuma tsoron kada hukuma ta hana haƙar da ta fi noma kawo kuɗi. Majalisa tana da abin da take yaɗawa, tana da abin da take dannewa.

"Gobe ina ka nufa?"

Ƙarshen mako na ma'aikacin gwamnati ne da ɗan makaranta. Mutumin ƙauye da Juma'a da ranar kasuwa yake lissafin makonsa. A da, daren jajibirin kasuwa shi ne lokacin da hira ta fi armashi. Wane zai kai akuya Nasarawar Burkullu, wane zai je ɗaurin aure Anka, wane zai leƙa 'yarsa da ta haihu a Gummi. Faɗin inda za ka ba surutu ba ne, hidima ce. Da jin haka wani zai ba ka saƙon magani, wata ta aiko a sayo mata gishiri da kanwa, wani ya ce ku tafi tare a babur ɗinsa a raba kuɗin mai. Wanda ya yi tafiya bai faɗa ba, sai a ce ya yi rowar tafiya.

Wannan ɓangare na hira shi ne rashin tsaro ya fi yi wa illa. Tun da tare hanya da satar mutane don kuɗin fansa suka zama ruwan dare, kalmar infoma ta shiga bakin kowa. Mutum ya sayar da sa, ba ya so a sani. Zai je kasuwa da kuɗi, ba ya faɗin ranar. An tambaye shi gobe ina ya nufa, sai ya ce "Sai yadda ta yiwu," ko "Muna nan dai." Mai tambayar ma ya koyi daina tambaya, don kada a ce me ya sa yake son sani. Magabata sun ce baki shi kan yanka wuya, amma sun faɗe shi ne a kan mai tsegumi da mai rantsuwar ƙarya. Yau ya hau kan mutumin da laifinsa kawai ya ce gobe zai kai tumaki kasuwa.

A nan nake ganin asarar ta wuce yadda ake lissafa ta. Ana ƙirga rayuka da shanu da kuɗin fansa da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma ko girbi. Ba a ƙirga tsohuwar da ba ta samu mai sayo mata magani ba saboda maƙwabcinta ya fita da asuba bai gaya wa kowa ba. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta rufe kasuwannin mako-mako, an toshe manyan hanyoyi biyu da labari ke bi tsakanin ƙauyuka a lokaci guda. Ko me mutum zai ce kan amfanin matakin ta fuskar tsaro, ya nuna cewa kasuwar ƙauye ba wurin ciniki kaɗai ba ce. Bayan hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, jama'a da dama sun yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa, kuma majalisar da ta watse ba ta haɗuwa yadda take, domin waɗanda suka san tarihin gonar juna sun rarrabu.

Har zancen ruwa bai tsira ba. "An fita shuka?" yanzu na iya nufin ko an samu ruwa, yana kuma iya nufin ko an bari a fita.

Tsofaffin finafinai

Mutumin Tungar Guru bai taso da gidan sinima a ƙofar gidansu ba. Fim ya iso karkara ne ta hanyoyi uku. Ta farko majigi, motar gwamnati da ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, tun zamanin Turawa har cikin mulkin Sardauna, tana nuna finafinan faɗakarwa irin su Baban Larai. Ta biyu cin rani. Samarin da suka je Gusau ko Sakkwato ko Kano neman kuɗi sun shiga sinima, suka dawo da labari. A Kano an buɗe sinimar Rex tun 1937, kuma Brian Larkin ya nuna yadda finafinan Indiya da 'yan kasuwa Labanawa suka shigo da su daga shekarun 1950 suka kama zuciyar Hausawa, har aka raɗa wa jarumai sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Ta uku bidiyo da janareta, bayan Turmin Danya na 1990 ya buɗe ƙofar finafinan Hausa, Sangaya ya biyo baya a 1999, marigayi Rabilu Musa Ibro kuma ya zama na kowa. Da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a Janairun 2000, an rufe gidajen sinima na jihar, amma kaset ya riga ya shiga ɗakuna.

Abin da wannan tarihi ya haifar shi ne, a ƙauye an fi jin fim da kunne kafin a gan shi da ido. Wanda ya kalli Sholay ko Mother India a birni shi ke ba da shi a majalisa, da murya da kwaikwayo, ya ƙara gishiri inda ya ga dama, kamar mai tatsuniya. Mother India ya samu karɓuwa ta musamman, kuma ba abin mamaki ba ne: labarin mace ce manomiya da bashi ya dabaibaye, ambaliya ta cinye mata amfanin gona, mai ba da rance na neman gonarta. Manomin fadama ba ya buƙatar fassara kafin ya gane wannan.

Dattawan da suka girmi sinima suna da nasu tsofaffin finafinan, wato damben Shago da Ɗandunawa da Ɗan Anace ya waƙe, da ranar da Ɗanƙwairo ya zo gari. Salon ba da labarin iri ɗaya ne.

Me ya sa wannan batu ya ƙara daraja yanzu? A ganina, domin shi kaɗai ne cikin huɗun ba ya tona asirin kowa. Zancen ruwa na kaiwa ga gonar da ba a iya zuwa. Zancen lambu na nuna wanda ya samu kuɗi. Zancen tafiya ya zama haɗari. Amma gardama kan ko Amitabh ya fi Dharmendra iya faɗa, ko a wane fim Ibro ya fi ba da dariya, ana iya yin ta da ƙarfi, a ɗaga murya, a rantse, a tashi ba a ɓata ba, ko da akwai wanda ba a yarda da shi ba a zaune. Samari masu kallon fassarar Algaita a waya suna shiga, dattawa su ce ai Indiyan yanzu ba Indiya ba ne, duk harbi ne babu waƙa. Akwai wanda zai kira wannan gudun gaskiya. Ni ban ɗauke shi haka ba. Mutanen da aka tilasta wa yin taka-tsantsan da kowace kalma suna buƙatar fage guda da za su yi musu a cikinsa ba tare da tsoro ba, kuma tsohon fim ya ba su wannan fage. Yana kuma ɗauko zamanin da saurayi zai hau mota da daddare daga Gusau ya dawo gida ba wanda ya tare shi, ba tare da an fito an ambaci abin da ya canza ba.

Matsalar mai nazari

Wanda zai ɗauki wannan aiki zuwa fage zai ci karo da cikas da Youngstedt da Masquelier ba su gamu da irinsa ba a Yamai. Baƙon da ya zauna a majalisa da na'urar ɗaukar murya, yana tambayar wa ke zuwa kasuwa da yaushe, ya yi kama da ainihin abin da mutane ke tsoro. Ko ɗan gari ne, da zarar ya ajiye waya a kan tabarma hirar za ta koma matakin gaisuwa, a yi ta lahiya lau har ya tashi. Izinin hakimi ko na fadar Sarkin Zamfaran Anka ko Sarkin Mafaran Gummi zai buɗe masa ƙofar gari, amma ba zai saki harshen majalisa ba. Akwai kuma haƙƙin waɗanda aka ɗauka: muryar da ta ambaci wanda ya sayar da albasa buhu kaza, in ta faɗa hannun da bai dace ba, tana iya jawo wa mutum abin da ba a fata.

Saboda haka shawarata ga ɗalibanmu 'yan wannan yanki ita ce su fara ta ƙofar finafinai da taurarin damina, inda mutane ke magana da sakin jiki, su rubuta da hannu bayan an tashi, su cire sunaye da adadi. Ɓangaren mata kuwa sai ɗalibai mata, domin namiji ba shi da hanyar jin abin da ake faɗa ta saman danga. Zancen tafiya a bar shi tukuna, sai dai a lura da yadda ake kauce masa, da kalmomin da ake kaucewar da su, da kuma wanda har yanzu ake gaya wa gaskiya in za a fita.